Dokta Harisu Jimrau na Dakoro da Farantan Ƙarfe Ɗari

Haihuwa da Nasaba

An haifi Dokta Harisu Jimrau a unguwar maƙera ta garin Dakoro a shekarar 1968, ana tsakiyar girbin gero. Mahaifinsa Jimrau ɗan Kimba maƙerin baƙin ƙarfe ne da ya gaji sana'ar iyaye da kakanni, wanda hauyarsa da gatarinsa suka yi suna tun daga Ajekoriya har mashayar makiyayan Tagris. Mahaifiyarsa Uwale mutuniyar Rumbu ce, ɗiyar manoma. Harisu shi ne autan gidan, kuma tsakaninsa da babban wansa Abarci akwai shekara goma sha biyar.

A shekarar 1975, bayan farin da ya karkashe dabbobi ya tsayar da ciniki, Allah ya yi wa Jimrau rasuwa, sai maƙera da nauyin gida suka faɗo a wuyan Abarci yana saurayi ɗan shekara ashirin da biyu. Duk wanda ya san Abarci ya san dogon mutum ne mai ƙarancin magana, mai yawan zuciya, wanda kallonsa kaɗai ya ishi yaro hukunci. Shi ya ciyar da Harisu, shi ya tufatar da shi, shi ya goya shi zuwa likita sa'ad da ƙyanda ta kama shi, saboda haka Harisu bai taɓa ɗaukarsa a matsayin wa ba, uba ya ɗauke shi, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai Yaya.

Gidan Jimrau a kan ƙa'ida biyu ya ginu, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe su, domin a tsakaninsu rayuwar marigayin ta gudana. Ta farko, ƙarami ba ya gyara wa babba aiki, ko a gaban mutane ko a bayan idonsu. Ta biyu, ƙira ba ta fita daga wannan maƙera da gefenta a sake: ƙyaure ne, ko gado, ko taga, sai an kewaye shi da ƙarfe an ɗaure gefen tam, domin a wajensu gefe a sake yana yankar hannun mai kaya, yana kuma zubar da mutuncin wanda ya ƙera.

Ɗalibta

Abarci ne da kansa ya kama hannun ƙanensa ya kai shi lakwal, wato makarantar boko, a watan Oktoban 1975, alhali a wancan zamani wasu iyaye a rumbu suke ɓoye ƴaƴansu idan aka ce masu ɗaukar suna sun shigo gari. Sauran maƙera suka yi ta yi masa ba'a, wai ya samu mai zuga a gida ya ɗauka ya kai wa mushe, wato malamin lakwal. Abarci kuwa ya ci gaba da zuga wutarsa da hannu ɗaya yana juya ƙarfe da ɗayan.

Ba gaskiya ba ne abin da wasu ke bazawa yanzu, wai tun yana yaro Harisu yake kasa kunne a jikin uwar maƙera yana nazari. Ina! Yaro ne mai son ƙwallo da barcin rana, wanda lissafi ya zo wa da sauƙi ba tare da ya wahalar da kansa ba. Ya samu sartifika ta gama firamare a shekarar 1981, ya gama kwalejin Dakoro a 1985, sannan ya wuce lise, wato babbar sakandare, a Maradi inda ya ci jarrabawar ƙarshe ta bak a fannin lissafi da fizik a shekarar 1988. A jami'ar Yamai ne karatu ya kama shi da gaske, musamman ilimin girgiza, wato nazarin yadda motsi yake tafiya a cikin ƙarfe da itace da dutse, har ya kammala a shekarar 1993.

Aiki da Aure

Ya fara koyar da fizik a lise a garin Tawa, daga bisani aka mayar da shi Damagaram. A shekarar 1996 ya auri Halimatu ɗiyar Malam Saminu na Ajekoriya, ungozoma ce ta likita, mace mai fara'a wadda ba ta iya riƙe magana a ciki. Abarci ne ya karɓa masa auren, shi ne kuma ya ƙera gadon amarya, gadon da sai da ƙarti huɗu suka taru kafin ya shiga ɗaki.

A shekarar 2002 ya samu tallafin ƙaro ilimi a ƙasar Faransa, ya bar iyalinsa a Maradi, ya kuma samu digirin dokta a shekarar 2006 bisa nazarin da ya yi a kan tafiyar girgiza a cikin jerarrun ƙarafa. Ya yi aiki a wani ɗakin bincike a can na tsawon shekara shida, aka nemi ya zauna, amma ya ce sanyi da kewar fura sun ishe shi. Ya dawo gida a shekarar 2012 ya kama koyarwa a jami'ar Maradi, inda ɗalibai suka san shi da haƙuri da kuma tsohuwar motar da ba ta tashi sai an tura.

Binciken da Ya Ba Rayuwarsa

A shekarar 2017 masana fizik suka fito da wani bayani da ya hana Dokta Harisu zama wuri ɗaya. Tun kafin nan an san ana iya jera ƙananan ƙarafa a bisa wani tsari, a haɗa su da juna, su zama abu ɗaya mai halin da ƙarfen shi kaɗai ba shi da shi, kuma irin wannan ƙira ce masana ke kira metamateriyo. An kuma san cewa a wasu daga cikinsu girgiza ba ta yarda ta shiga tsakiya, sai dai ta bi gefe, kuma wannan hali ba ya lalacewa don an samu ɗan aibi nan da can, domin daga tsarin haɗin gaba ɗaya yake fitowa; ilimin da ke bayanin haka shi ake kira topoloji. Sabon bayanin ya ce akwai mataki na sama da wannan, inda girgiza za ta ƙi tsakiya, ta ƙi gefe, ta je ta tare a kusurwa huɗu kawai. A shekarar 2018 wasu masu bincike a Turai suka gwada haka da idonsu, da ƙarafan da inji ya yanka.

A nan Dokta Harisu ya ga ƙofa. Ya ce ƙarafan da inji ya yanka duk tagwayen juna ne, to idan da gaske ne wannan hali ba ya tsoron aibi, ba inda ya fi dacewa a jarraba shi kamar maƙera, inda hannu da masaba suke aiki, kuma ba a taɓa samun faranti biyu iri ɗaya sak. Yana kuma hangen amfani a gaba: idan aka iya tara girgiza a kusurwa ɗaya, ana iya mayar da ita ɗan lantarki, ta yadda famfon rijiya mai zurfi da ke karkarwa yini guda zai ciyar da na'urar da za ta faɗi lafiyarsa kafin ya mutu ya bar garke da ƙishirwa. Wata gidauniya ta yarda ta tallafa masa, bisa sharaɗin sai wakilinta ya zo ya ga gwajin farko.

Ya kai aikin maƙerar gidansu. Daga ƙarshen 2018 zuwa kakar 2019 Abarci, yana da shekara sittin da biyar, ya ƙera farantai ɗari daga ƙarfen tsofaffin motoci, kowanne kamar tafin hannu, aka jera su goma-goma aka haɗa su da sanduna, kakkaura sannan siririya, kakkaura sannan siririya, har abin ya kai girman ƙyauren zaure. Asirin aikin duk a gefe yake: dole a bar gefen a sake, ta yadda farantin kowace kusurwa ba abin da ke riƙe da shi sai siraran sanduna biyu. Dokta ya yi wa ɗalibansa wannan bayani a allo har suka haddace, amma wansa awo kawai ya ba shi, domin kunya ba ta barinsa ya tsaya yana yi wa Yaya darasi.

Ranar Gwaji

Aka sa ranar gwaji a watan Nuwamban 2019. Dokta ya tafi Maradi don ya taro baƙi, ya bar aikin a jingine a maƙera. Abarci ya tsaya ya dubi ƙirar da gefenta a sake, ya tuna cewa parfe mai mulkin yankin zai zo, mer magajin gari zai zo, malaman jami'a za su zo, sai ya ji ba zai iya ba. Ya tara ƴaƴansa suka yanko ƙarfe mai kauri suka kewaye aikin, suka liƙe shi da wutar sudir, wato walda, a jikin kowane faranti na gefe, ya zauna ya zana masa ado da alamar da mahaifinsu ke yi wa hauyarsa, sannan ya lulluɓe shi da mayafi. Kyauta ce ya shirya wa ƙanensa, kuma wallahi ya zuba mata iyakar gwanintarsa.

Da hantsi jama'a suka cika rumfar da aka kafa a ƙofar maƙera. Abarci, cikin sabuwar riga, ya yaye mayafin da hannunsa, ya ce, “Na ɗaure maka gehenta, Harisu. Wanga aiki na gidan Jimrau ne, ba shi hita gaban baƙi tsirara.” Jama'a suka tafa. Dokta ya dubi kewayen ƙarfen, nan take ya san aikin shekara guda ya mutu: farantan kusurwa an kama su gam, girgiza ba ta da wurin zama. Abokin aikinsa Farfesa Yazidu, wanda shi ma ya gane, ya buɗe baki zai yi magana, sai Dokta ya damƙe masa hannu ya roƙe shi da Faransanci a kunne da ya yi wa Allah ya yi shiru. Sannan ya juya ga wansa ya ce, “Na gode, Yaya. Ya yi kyau ƙwarai.”

Ya barbaɗa rairayi a kan farantan, domin rairayi ne zai nuna wa ido inda girgiza take. Ya kunna lasifikar da aka manna a jikin ƙarfen, ya bi muryoyi daga ƙasa zuwa sama, ya sake bi daga sama zuwa ƙasa, alhali ya san abin da zai gani. Rairayi ya ɗan motsa nan, ya ɗan motsa can, a kusurwa kuwa ko gezau. Daga ƙarshe sai ya miƙe ya ce wa baƙi laifin nasa ne, lissafinsa ne bai cika ba, ya kuma ba su haƙurin wahalar hanya. Aka ci abinci aka watse.

Gidauniya ta janye tallafinta, ba kuwa za a ga laifinta ba, abin da wakilinta ya gani ke nan. Mutanen Dakoro, waɗanda bakinsu ba ya hutu, suka laƙaba masa suna Dokta Rairayi, har yara na kiransa da shi a bayan mota. Farfesa Yazidu ya yi wata da watanni ba ya gaishe shi, yana cewa mutum bai isa ya sa ilimi ya yi ƙarya don kunyar wansa ba. Halimatu kuwa tun ranar ta tsare shi a ɗaki ta ce, “Malam, ka hwaɗa mishi mana! Ƙarhe ne, a yanke shi a huta.” Ya amsa mata cewa, “In na hwaɗa, ba ƙarhen kaɗai za a yanke ba. Mutumin da ya goya ni, in tsaya in ce mishi hannunka ne ya kunyata ni gaban gari? Ba ni iyawa, Halima.” Ta ce to ya sa a ƙera wani a Maradi. Ya ce kafin magariba labari ya kai Dakoro, kuma wannan da faɗar duk ɗaya ne.

Abin da ya fi yi masa zafi shi ne lallashin Abarci. Tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, kowa yana kuskure, ko ba komai ƙirar ta yi kyau. Ya sa aka rataye ta a bangon maƙera don masu wucewa su gani.

Shekarun Juma'a

Ko Dokta ya yi daidai ko bai yi ba, an daɗe ana gardama a kai, amma bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya yanke shawarar da ba wanda ya taɓa zato: tun da ba zai iya faɗa wa wansa ba, to zai koya masa ilimin har ya gani da kansa. Daga shekarar 2020 kowace Alhamis da yamma yakan kamo hanyar Dakoro, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shimfiɗa tabarma a maƙera. Bai taɓa zuwa da siffar malami ba. Kullum da roƙo yake farawa, “Yaya, wani abu ya ɗaure mini kai, ko za ka duba mini?”

Suka fara da faranti biyu a kan sanda ɗaya, ya tambayi Yaya me ya gani. Daga nan suka koma jeri guda mai faranti shida, sannan takwas. Abarci ya ji daɗin abin ƙwarai, domin a ganinsa ƙanensa ne ke laluben inda lissafinsa ya karkace, shi kuma yana kama masa. A hankali tsohon ya gane da kansa cewa idan jeri ya ƙare da siririyar sanda, farantin ƙarshe ne ke rawa shi kaɗai, idan kuwa ya ƙare da kakkaura, sai ya yi tsit. Ranar da ya gano haka ya yi wa Dokta faɗa, ya ce yaya mutum zai je har Faransa bai lura da wannan ba, Dokta kuwa ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne, Yaya.

Amma tafiyar ba ta yi sauri ba. Abarci mutum ne da ba a kora, in ya gaji da ƙarfen Harisu sai ya koma kan hauyar mutane, a yi wata biyu ba a taɓa zancen ba. A shekarar 2022 ya tafi aikin hajji, da ya dawo kuma yanar ido ta kwantar da shi har sai da aka yi masa aiki a Maradi. Kuma duk ƙaramin samfurin da suka gama, hannunsa na ƙaiƙayin ya ɗaure masa gefe, sai Dokta ya ce a bari tukuna, ba a gama awo ba. A wannan tsakanin Dokta bai wallafa komai ba, abokan karatunsa suka wuce shi a muƙami, wasu ɗalibansa suka koma hannun wasu malamai.

Rashin Lafiya

A farkon shekarar 2023 ya fara rama, idonsa ya canza launi. Likitoci a Yamai suka tabbatar masa ciwon hanta ne da ya riga ya yi nisa, kuma da yake ya nemi gaskiya, ba su ɓoye masa ba. Daga nan al'amarin ya zama tsere tsakanin fahimtar tsoho da kwanakin ƙanensa. Halimatu ta roƙe shi da kuka, ta ce ba ta yarda ya mutu da sunan Dokta Rairayi ba. Farfesa Yazidu, wanda ya riga ya huce, ya ce shi ba ɗan gidan Jimrau ba ne, a bar shi ya je ya faɗa wa tsohon da bakinsa. Dokta ya hana su duka biyun, ya ce, “Ku ƙyale shi, ya kusa.” Halimatu ta faɗa daga baya cewa a ranta ta yi fushi da shi fushin da ba ta taɓa yi ba, amma ita ce ta riƙa tuƙa shi zuwa Dakoro sa'ad da ya kasa riƙe sitiyari.

Cikar Buri

A wata Juma'a ta watan Oktoban 2024 suka gama ƙaramin samfuri mai jeri huɗu-huɗu, gefensa a sake. Dokta yana zaune a tabarma ya jingina da bango, domin tsayuwa ta fara gagararsa. Aka barbaɗa rairayi aka kunna lasifika, sai ga rairayi yana tsalle a kusurwa huɗu, tsakiya da gefe kuwa shiru kamar an share. Abarci ya yi dariya har da tafi. Cikin murna, bisa al'adar hannunsa, ya ɗauki sandar ƙarfe da awartaki ya danna ta a gefen samfurin don ya auna kewayen da zai yi masa, kuma a wannan karon Dokta bai ce a bari ba. Rairayi ya tsaya cik. Abarci ya ɗaga sandar, rairayi ya ci gaba da tsalle. Ya sake dannawa, ya sake tsayawa.

Tsohon ya daɗe a tsugune da awartaki a hannu. Sannan ya ɗaga kai ya dubi babbar ƙirar da ke rataye a bango da kewayenta mai ado, ya daɗe yana dubanta. Dokta kuwa ƙasa yake kallo, yana jin tausayin wansa fiye da murnar kansa. Abarci ya ajiye awartaki ya ce, “La'asar ta yi.” Suka tashi suka tafi masallaci.

Washegari da hantsi maƙwabta suka ji ƙarar injin yankan ƙarfe. Abarci ne ya sa aka sauko da ƙirar, ya kori ƴaƴansa da suka zo taya shi, ya bi liƙin ɗaya bayan ɗaya yana yankewa da hannunsa, har da wurin da ya zana alamar mahaifinsu. Da ya gama ya aika a kira ƙanensa, ya ce masa, “Zo ka gwada ƙarhenka.” Aka barbaɗa rairayi a kan farantai ɗari, aka kunna lasifika, Dokta ya murɗa a hankali har ya kai muryar da lissafinsa ya nuna tun shekara biyar da suka wuce, sai rairayi ya tashi a kusurwa huɗu, sauran farantan casa'in da shida ko motsi. Dokta ya fashe da kuka a gaban kowa. Abarci ya ce yana da aiki a bayan gida, ya fita.

Daga ranar har rabuwarsu, babu ɗayansu da ya ɗauko zancen kewayen ƙarfen. Gari kuwa ya ɗauka cewa Abarci ne ya gano wa Dokta inda lissafinsa ya karkace, kuma Dokta bai ƙaryata kowa ba. Farfesa Yazidu ya kawo na'urorin awo da ɗalibai, aka shafe watanni ana aunawa faranti bayan faranti, sakamakon kuwa ya tabbatar da abin da Dokta ya hanga: duk da bambancin da masaba ta bari tsakanin faranti da faranti, girgiza ba ta bar kusurwa ba. A watan Mayun 2025 wata mujallar kimiyya ta ƙasashen waje ta karɓi aikin, da sunan Harisu Jimrau da Abarci Jimrau da Yazidu Samba a kansa. Aka gina ƙaramin ɗakin gwaji a jikin maƙera, aka kuma fara ƙera samfurin da za a ɗaura wa famfon wata rijiya a hanyar Tagris. Yaran gari ba su daina cewa Dokta Rairayi ba, sai dai yanzu da gudu suke zuwa su roƙi a kunna musu su gani.

Wafati

Allah ya yi wa Dokta Harisu Jimrau rasuwa da safiyar wata Talata a watan Agustan 2025, a ɗakin mahaifiyarsa da ke gidansu na Dakoro, yana gab da cika shekara hamsin da bakwai, gero yana fitar da kai a gonaki. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gida, malaman jami'a da ɗalibai da maƙera da makiyaya a sahu ɗaya, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar garin kusa da mahaifinsa. Abarci, duk da tsufa da ciwon gwiwa, shi ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Halimatu da ƴaƴa biyar: Zakari, injiniyan ruwa a Tawa, Ramla, wadda ke karatun digiri na biyu a fannin fizik, ita ce kuma ke riƙe da ɗakin gwajin Dakoro a yanzu, Jamilu, wanda ya zaɓi ƙira ya zauna a maƙerar kakansa, sai Rahinatu da Kadija da ke lise a Maradi, da jikoki uku.

Ya kuma bar wansa Alhaji Abarci. A zaman makoki wani maƙwabci, don ya sanyaya wa tsohon zuciya, ya ce ai ko ba komai Alhaji ya yi wa ƙanensa gata, tun da shi ya gyara masa lissafi kafin ya cika. Abarci ya ɗaga kai ya ce a gaban duk wanda ke wurin, “Lissahinshi bai taɓa karkacewa ba. Ni na ɓata aikin, kuma ya sani tun sa'ad da na yaye mayahin nan. Shekara biyar shina biyo hanya, har da ciwo a jikinshi, don kada ya ce mini na yi kuskure. Ni ina cewa ni na rene shi, ashe shi ma renona shike yi.”

Allah ya jiƙan Harisu ɗan Jimrau, ya haskaka makwancinsa, ya ba Abarci haƙurin rashinsa.